Awon Halayyar Shuka: Aikin da Ya Fi Ƙarfin Cibiya Ɗaya

Wanda ya tashi a karkarar Gumel ko Ɗambatta ya san abin da dattijon gida yake yi ranar girbin gero kafin a fara ɗaure dammuna. Yakan zaga inda aka tara zangarniya, yana ɗagawa yana jinjinawa, yana murza idon da babban yatsa, ya ware dogaye masu cikar ido waɗanda cuta ba ta taɓa ba, ya ɗaure su daban domin irin baɗi. Haka na ga mahaifina yana yi, kuma idan na tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauki wannan ya bar waccan, sai ya ce mini in dubi inda ta fito, domin wadda ta cika a kan tudu mai yashi ta fi wadda ta cika a gindin gawo daraja, tunda ta gindin gawo inuwa da taki ne suka taimake ta. A cikin wannan amsa tasa akwai ginshiƙin wani fannin kimiyya da ƙasashe suke kashe maƙudan kuɗi a kansa yanzu, wato awon siffofi da halayyar shuka, da kuma rarrabe abin da shuka ta gada daga abin da wurin da ta tsiro ya ba ta.

Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak mai suna Wilhelm Johannsen ne ya fito da wannan bambanci fili a shekarar 1909, inda ya ba gadon da ke cikin ƙwayar iri suna daban, ya kuma ba siffar da ido ke gani suna daban. Siffar ta haɗa da tsawon kara, da faɗin ganye, da zurfin saiwa, da ranar fitar kai, da nauyin hatsi, da yadda shuka take jure fari ko ƙuduji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da gado kaɗai yake yankewa, domin ruwa da ƙasa da zafi da hannun manomi duk suna da rabonsu. Dawarmu ta gargajiya, irin su farafara, misali ce mai kyau. Ba yawan kwanakin da ta yi a gona take ƙirgawa kafin ta fid da kai ba, gajartar yini take jira, shi ya sa ko an shuka ta da wuri ko an makara, kusan lokaci guda take fitar da kai. A kudancin Kano, inda damina ke daɗewa, wannan hali alheri ne, domin hatsin yakan nuna bayan ruwa ya ɗauke, ya tsira daga ruɓewa. Idan aka kai irin nan Maigatari, halin ya zama asara, saboda kafin yini ya gajarta yadda take so ƙasa ta riga ta bushe. Gadon bai canza ba, amma sakamakon ya sha bamban, kuma ba a sanin haka sai an shuka an auna a wuraren biyu.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne cewa ɓangaren karanta gado ya yi nisa ya bar ɓangaren awo a baya. An wallafa cikakkiyar taswirar ƙwayoyin halittar dawa a 2009, ta gero a 2017, ta wake kuma a 2019. Waken da aka karanta ɗin ma namu ne, wato IT97K-499-35 da masana na Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, suka samar saboda jure ƙuduji, wanda aka sake wa manoman Najeriya da sunan SAMPEA 10. A yau mai binciken iri zai iya yankar ɗan guntun ganye daga kowace shuka, ya aika ɗakin gwaji, a dawo masa da bayanin gadonta cikin makonni kaɗan. Sai dai wannan bayani jerin alamomi ne kawai, ba ya faɗin wace alama ce take sa wake ya jure makonni uku babu ruwa, har sai an shuka ɗaruruwan nau'o'i a gona, an auna yadda kowanne ya kasance, sannan an gwama awon da alamomin. Rumbun adana iri na IITA da ke Ibadan yana ɗauke da nau'o'in wake sama da 15,000, wanda shi ne mafi girma a duniya, kuma amfanin kowane nau'i a cikinsu yana rataye ne da yadda aka san halinsa a gona.

Ƙaramin lissafi zai nuna nauyin aikin. A ce mai bincike yana da sababbin nau'o'in gero 500 da yake son tantancewa. Ba zai shuka kowanne a kunya ɗaya ya yanke hukunci ba, domin wata kunyar ta faɗa kan tsohon jujin taki, wata kuma kan shuri, don haka zai maimaita kowanne sau 3 a sassa daban-daban na gonar, ya kuma yi hakan a garuruwa 4. Fulotai 6,000 ke nan. Idan minti 2 kacal ake ɓatawa wajen auna tsawon kara a kowane fuloti, an ci awa 200 a kan siffa ɗaya, a zagaye ɗaya. Kafin ma'aikaci ya kai ƙarshen gonar, geron da ya fara aunawa ya ƙara tsawo, kuma hukuncin da idonsa yake yankewa da hantsi ba shi yake yankewa da la'asar ba bayan rana ta gasa shi. Ga kuma siffofin da ido ba ya kamawa sam, kamar yawan ruwan da ganye yake fitarwa da tsakar rana.

A nan ne na'urorin zamani suka shigo. Ƙaramin jirgi maras matuƙi mai ɗauke da kyamara yana iya shawagi a kan gonar gwaji cikin ƙasa da awa ɗaya, ya ɗauko hotunan da kwamfuta za ta haɗa ta fitar da tsawon shuka da yadda ganye ya rufe ƙasa a kowane fuloti. Akwai kyamarar da take ganin hasken da idon mutum ba ya gani, wanda lafiyayyen ganye yake mayarwa da yawa, ganye mai wahala kuma yake mayarwa kaɗan, ta haka ake gane shukar da ta fara galabaita tun kafin ta yi rawaya. Akwai kuma kyamarar auna zafi. Ganyen da yake samun ruwa yana fitar da tururi ta ƙananan ƙofofinsa, wannan yana sanyaya shi kamar yadda randa take sanyaya ruwa, saboda haka idan fari ya kama gona aka ga wani nau'i ya fi maƙwabtansa sanyi, alama ce ta cewa saiwarsa tana kaiwa ga danshin da saura ba su kai ba. A hedikwatar ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwa, da ke Patanceru, kusa da birnin Haidarabad na Indiya, an kafa wata na'ura mai suna LeasyScan wadda take bi ta kan dubban tukwanen shuka da hasken leza tana auna girman ganye, yayin da sikeli a ƙarƙashin tukwanen yake nuna ruwan da shukar ta sha. Irin wannan awo ne ya nuna cewa wasu nau'o'in gero suna rage fitar da ruwa idan iska ta bushe ta yi zafi, su tanadi danshin ƙasa har zuwa lokacin cika ido, wanda shi ne lokacin da fari ya fi yi wa manomin Sahel ɓarna.

Waɗannan kayan aiki suna da tsada, kuma sayensu shi ne ƙaramin ɓangaren tsadar. Suna buƙatar injiniyan da zai gyara su, da masanin kwamfuta da zai sarrafa hotunan, da masanin lissafin ƙididdiga, da masanin halittar shuka, da mai binciken irin da zai yi aiki da sakamakon, kuma da wuya a tara waɗannan mutane a sashe ɗaya na jami'a ɗaya. Wannan ne ya sa ƙasashen da suka yi nisa suka ɗauki abin a matsayin kadarar ƙasa, kamar madatsar ruwa ko layin dogo, wadda gwamnati take ginawa kowa ya amfana. Ostireliya ta kafa tata a ƙarƙashin shirinta na ƙasa na kayan bincike na haɗin gwiwa, da rassa a Adiled da Kambera, kuma a 2010 aka buɗe babban ginin Adiled inda tukwanen shuka suke tafiya a kan bel suna wucewa ta ɗakunan ɗaukar hoto. Jamus ta haɗa manyan cibiyoyinta uku na Yulik da Gatasleben da Munik a tsari ɗaya a 2012, Faransa ma ta yi irin wannan, sannan a 2016 aka shigar da shirin awon halayyar shuka mai suna EMPHASIS cikin jerin manyan kayan binciken da ƙasashen Turai za su gina tare. Indiya ta buɗe tata cibiyar a birnin Delhi a 2017. Abin lura a tsarin nasu shi ne mai bincike daga ƙaramar jami'a yana iya neman gurbi ya kawo irinsa a auna masa, kuma sun yarda da ƙa'ida ɗaya, mai suna MIAPPE, ta rubuta bayanan gwaji, domin wanda bai halarci gwajin ba ya san irin ƙasar da aka yi shi, da ruwan da ya sauka, da ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Mu a nan ba daga kango za mu fara ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ke da alhakin dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, tana kuma da tashar gwajin noman rani a Kadawa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ce ke riƙe da gero da alkama. IITA tana da reshe a Kano da gonar gwaji a Minjibir, inda aka daɗe ana aikin wake, ICRISAT ma tana da ofishi a Kano. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Binciken Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, ga jami'o'in Dutse da Wudil, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta, ga hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa, wato KNARDA da JARDA, masu malaman gona a ƙauyuka. A sama akwai Majalisar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa wadda aikinta shi ne daidaita cibiyoyin. Haɗin gwiwa ma an sha yinsa, kuma ya haifar da ɗa mai ido. Geron SOSAT da ya bazu a Jigawa daga aikin ICRISAT da masanan Mali ya fito kafin cibiyar Maiduguri ta gwada shi a nan, haka waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka amince da shi a 2019, Samaru ce ta samar da shi tare da abokan aiki daga waje.

Matsalar ita ce yawancin wannan haɗin gwiwa a kan tallafin wani aiki na shekara uku ko biyar yake tsayawa. Idan wa'adin ya cika, na'urar ta koma ɗakin ajiya, matashin da ya ƙware a kanta ya nemi wani aikin, bayanan kuma su zauna a kwamfutar mutum ɗaya. Na taɓa ganin na'urar auna yanayi a wata gonar gwaji, sabuwa ce a ido, amma ta shekara ba ta aiki saboda batirinta ya mutu, kuma babu wanda kasafinsa ya tanadi sayen wani. Ruwan da ya sauka a gonar a waccan damina ba a rubuta shi ba, kuma duk awon da aka yi wa shukar ya rasa rabin ma'anarsa.

A ganina, kuskure ne mu fara da mafarkin katafaren ɗakin gilashi mai bel irin na Adiled. Irin wannan gini yana son wutar lantarki dare da rana da sanyaya ɗaki a watan Afrilu, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa kyamara. Bayan haka, shukar tukunya ba ta cika faɗin gaskiya a kan fari ba, tunda saiwar gero a yashin Jigawa tana nitsewa fiye da mita ɗaya, tukunya kuwa ta tsare ta. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne jerin gonakin gwaji na dindindin waɗanda aka jera bisa yawan ruwan sama, daga wajen Doguwa da Tudun Wada inda ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, zuwa Minjibir a tsakiya, har Gumel da Maigatari da Birniwa inda ake samun kusan rabin haka, a haɗa da fadamun Haɗejiya. Kowace gona a san ƙasarta ciki da waje, a kafa mata na'urar auna yanayi da sola, a ba ta ma'aikata na dindindin, sannan ƙungiya ɗaya mai jirage da kyamarori ta riƙa zagaya su duka bisa jadawali. Mai binciken gero daga Maiduguri da mai binciken wake daga Samaru da ɗalibin digiri na uku daga Dutse duk su sami gurbi a cikinsu bisa ƙa'idar da kowa ya sani.

Muna ma da wata dama da Turawa ba su da ita, wato rani mai tsawo wanda ba a samun ko ɗigon ruwa. A Turai sai an gina rumfa mai motsi don kare gonar gwaji daga ruwan sama kafin a gwada fari. A Kadawa kuwa, inda ruwan madatsar Tiga yake isowa ta magudana, mai bincike zai iya shayar da shuka har zuwa ranar da ya zaɓa, sannan ya rufe ruwan a daidai lokacin fure ko lokacin cika ido, ya ga wane nau'i ne zai tsaya. Sai dai dole a yi hattara, domin sanyin hunturu da gajeren yinin Disamba ba su ne yanayin Agusta ba, kuma nau'in da yake jin tsawon yini zai nuna halin da ba nasa na damina ba. Abin da aka gano da rani sai an sake tabbatar da shi da damina a gonakin arewa, wanda wannan ma wani dalili ne na cewa tasha ɗaya ba ta wadatarwa. Haka batun ƙuduji yake. Gonar da ƙuduji ya cinye, wadda manomi yake gudu, ita ce dukiya ga mai bincike, kuma tunda an tabbatar cewa ƙudujin wake iri-iri ne a Afirka ta Yamma, har waken da ya jure na wani yanki yakan faɗi a gaban na wani, gwaji a wuri guda zai iya yaudarar mutum. Nan ne amfanin haɗa kai da tashar ICRISAT ta Sadore a Nijar da cibiyar CERAAS ta birnin Ciyas a Senegal, wadda ta ƙware a binciken jure fari, yake fitowa.

Akwai wani gibi da ba a cika ambata ba. Manhajojin da suke fassara hotunan jirgi an fi horar da su ne da gonakin alkama da masara waɗanda aka shuka su zalla a layi. Manominmu kuwa gicci yake yi, gero da dawa da wake a gona ɗaya, waken yana yaɗo a ƙarƙashin inuwar kara inda kyamarar sama ba ta ganinsa sosai. Kafin manhaja ta iya ƙirga zangarniyar gero ko ta bambance ganyen wake da ciyawa, sai an ba ta dubban hotunan gonakinmu waɗanda mutum ya zauna ya yi wa alama da hannu. Wannan aiki ne da ɗaliban kwamfuta na jami'o'inmu za su iya yi, matuƙar hotunan suna taruwa a rumbu ɗaya da kowa zai iya shiga.

Rumbun bayanan nan shi ne wurin da haɗin gwiwa ya fi wuya, kuma dalilin ba na na'ura ba ne. Malamin jami'a da takardun da ya wallafa ake yi masa ƙarin girma, saboda haka yana da hujjar riƙe awon da ya sha rana ya tara har sai ya wallafa. Kamfanin iri ma, musamman bayan dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri ta 2021, ba zai so abokin gasarsa ya ga sakamakonsa ba. Waɗannan damuwoyi ne na gaskiya, kuma maganinsu yarjejeniya ce rubutacciya tun kafin shuka, wadda za ta fayyace tsawon lokacin da mai gwaji zai riƙe bayanansa, da yadda za a ambaci sunansa idan wani ya yi amfani da su, da kuɗin da kamfani zai biya idan yana son sirri. Haka kuma sai an daidaita ma'auni, domin idan wani yana ƙirga ranar fure daga ranar shuka, wani kuma daga ranar tsiro, ko wani yana ba cuta maki 1 zuwa 5, wani 1 zuwa 9, ba za a iya gwama sakamakonsu ba. Sannan cibiyoyin bincike suna ƙarƙashin ma'aikatar noma, jami'o'i suna ƙarƙashin ta ilimi, izinin tashin jirgi maras matuƙi kuma yana hannun hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Tsari na ƙasa zai iya neman izinin a dunƙule, ya kuma tabbatar kuɗin gwaji ya iso kafin ruwan shuka, domin kuɗin da aka saki a Satumba ba ya dawo da daminar da ta wuce.

Ko da an kammala duk wannan, akwai siffofin da kyamara ba ta aunawa, kuma sau da yawa su ne suke yanke hukuncin ko iri zai karɓu. Manomin Kano yana riƙe da kanannado duk da jinkirinsa saboda harawar da yake bayarwa, wadda ita ce abincin tumakinsa da rani, kuma kuɗi ce a kasuwa. Mai dawa yana duban karan da zai yi danni da shi. Uwargida ta san geron da yake surfuwa ba tare da ya farfashe ba, da wanda furarsa take kwana ba ta lalace ba, ɗan kasuwar Dawanau kuma girman ƙwayar wake da haskenta yake saye. Akwai hanyar gwaji da ta riga ta shigo Najeriya wadda ta dace da wannan. Ana ba kowane manomi nau'i uku kacal daga cikin waɗanda ake gwadawa, ba tare da an faɗa masa sunayensu ba, ya shuka a gonarsa yadda ya saba, sannan ya faɗi wanda ya fi da wanda ya gaza a kan kowace siffa. Da yake haɗin ukun ya bambanta daga gida zuwa gida, idan aka tattara amsoshin ɗaruruwan gidaje ta waya, lissafi yana fitar da jerin nau'o'in gaba ɗaya, har a ga wanda ya fi a yashi da wanda ya fi a laka. Malaman gona na KNARDA da JARDA su ne za su iya raba ƙullin irin da karɓo amsoshin, kuma ya kamata a yi zagayen tambayar sau biyu, ɗaya ga maigida bayan roro, ɗaya kuma ga matan gidan bayan an dafa waken an ci.